ZARE: "Ƙaton banza yana wasa da jirgin yara"

1/ Jiya na saka bidiyon wani dattijo a Ingila, ya hau bayan ɗan jirgin ƙasa shuɗi mai fuskar Thomas wanda ya ƙera da hannunsa, yana jan yara a taragu, hayaƙi na tashi. Kafin in fito daga lakca kwament ya cika. Rabi dariya, rabi zagi. Na so in share, abin ya ƙi barina barci. Zare ne, kuma mai tsawo 🧵

2/ Wani ya ce "Bature in ya ƙoshi sai hauka." Wani ya ce "ƙaton banza, sa'an kakana yana wasan 'yartsana." Wata ta ce da kuɗin ya ciyar da marayu. Wanda ya fi ba ni haushi kuma ɗan ajinmu ne, mai karanta injiniya, shi ma ya zo ya ajiye fuskar dariya har guda biyar. Malam, da kai nake musamman.

3/ Bari mu fara da inda Thomas ɗin ya fito, don na lura yawancinku a hoton barkwanci kuka san shi, ko a wayar ƙannenku. Wani limamin coci ne a Ingila, Wilbert Awdry, ɗansa Christopher ya kwanta ciwon ƙyanda lokacin yaƙin duniya na biyu, shi ne ya riƙa ƙago masa labaran jiragen ƙasa masu magana don ya lallashe shi.

4/ Littafin farko ya fito a 1945, babu ma Thomas a ciki. Sai a na biyu, 1946, ya bayyana. Amma kafin a zana shi a takarda, Thomas na farko a duniya abin wasa ne da uban ya sassaƙa wa yaron da guntun sandar tsintsiya da ragowar katako. Ku sake karantawa. Sandar tsintsiya. Wato motar kara ce irin ta Turawa, ba wani abu ba.

5/ (A gefe: an haifi Awdry a 1911, shekarar da layin dogo ya iso Kano. Ba wani abu nake so in ce da wannan ba, kawai dai duk sanda na tuna sai in yi shiru.)

6/ A 1984 Britt Allcroft da darakta David Mitton suka mayar da labaran shirin talabijin, Ringo Starr na ƙungiyar Beatles ne ya fara ba da labarin da muryarsa. Abin da mutane ba su sani ba, waɗancan na farko ba katun ba ne ko kaɗan. Jirage ne na gaske ƙanana, suna tafiya a kan dogo na gaske ƙarami, aka kafa kyamara aka ɗauka.

7/ Ƙafafu da injin ƙasa sun samo su daga jiragen kamfanin Märklin na Jamus, suka farke su, suka yi musu sabon jiki da hannu. Fuskar ana ƙera ta da yumɓu, a yi mata mazubi, a zuba. Kowane yanayi da tasa fuskar: ta murmushi daban, ta fushi daban, a cire wannan a manna waccan. Idanun kuma da rimot ake juya su. Manya ne masu gemu suka yi wannan aikin, kuma albashi ake biyan su.

8/ Daga 2009 aka koma zanen kwamfuta gaba ɗaya, aka tattara jiragen hannu aka ajiye, wasu aka kai su wurin shaƙatawa na Drayton Manor don a kalla. Mattel, masu Barbie, suka sayi kamfanin da ya mallaki Thomas kan dala miliyan 680. A 2021 suka fito da wani sabon katun da jirgi ke tsalle yana ɗaga taya kamar akuya. Ni dai ban iya kallonsa ba.

9/ To a nan mutanen da kuke yi wa dariya suka shigo. Da masu shirin suka bar aikin hannu, sai masu kallo suka ɗauka. Wasu tsofaffin makanikai da suka yi ritaya, wasu kuma sa'anninmu ne da suka taso da shirin. Ba sa sayen na kanti. Farantin roba, tagulla, katako, zarto da magagari, daga babu har jirgi ya tashi.

10/ Yanzu ɗan ajinmu, matso kusa, lissafi za mu yi. Faɗin dogon jirgin Abuja zuwa Kaduna milimita 1,435 ne, irin na Ingila. Raba shi gida 32, ka sami kusan 45. Shi ne faɗin dogon da aka ɗauki shirin a kansa, suna ce masa Gauge 1. Komai na jirgin sai ka raba shi 32: taya, bututun hayaƙi, ƙofa, har kan kusa.

11/ An ɗauko siffar Thomas daga wani kan jirgi na gaske mai suna E2, da aka ƙera guda 10 a Brighton tsakanin 1913 da 1916. Zuwa 1963 an yanka su duka an sayar a matsayin ƙarfe, ko ɗaya bai tsira ba. Babu inda za ka je da tef ka auna. Kuma Thomas na talabijin bai bi E2 ɗin sak ba, ya fi shi gajarta da kumburi.

12/ Saboda haka mai son ya ƙera na talabijin ɗin sai ya tsayar da bidiyon 1984, ya nemi abu ɗaya da ya san girmansa tabbas, wato dogon nan mai milimita 45, ya auna komai da shi, yana cire karkacewar da kyamara ta jawo. A aji in aka ba mu irin wannan muna kiransa da dogon Turanci mu ce kwas ɗin ya yi wuya. Shi wannan a garejinsa yake yi da daddare, ba wanda zai ba shi maki.

13/ Ga wurin da ake kuka. Tayoyi shida ne, uku kowane gefe, sanda ɗaya ta haɗa su. Ƙusar da sandar ke riƙewa a tayar dama dole ta saɓa da ta hagu da digiri 90 daidai, kuma a duk gatari ukun iri ɗaya. Ka kuskure da ɗan kaɗan a guda, jirgin zai yi rabin juyi ya cije, ya tsaya yana kallonka da wannan murmushin nasa.

14/ Me ya sa 90? Don a jirgin tururi fistin na da wurin da in ya kai ƙarshen tafiyarsa ba ya iya tura komai. In duka gefe biyun suka kai wurin tare, jirgi ba zai tashi ba ko za a kwana ana hura wuta. Da aka saɓa su, lokacin da ɗaya ya mutu ɗayan yana tsakiyar ƙarfinsa. Na ci jarrabawa a kan wannan ban gane shi ba. A bidiyon wani "ƙaton banza" na gane.

15/ Wannan duk ƙaramin ne fa. Na bidiyon da na saka babba ne, wanda ake hawa, dogonsa inci 7 da kwata, wato kashi ɗaya cikin takwas na jirgin gaske. Kuna zaton daga 32 zuwa 8 ninki huɗu ne? A tsawo, e. A nauyi kuwa 4×4×4, ninki 64. E2 ya haura tan 50, raba da 512, ka sami wajen kilo 100. Buhun masara cikakke ke nan, mai taya da wuta a ciki.

16/ Kuma wutar gaske ce. Kwal ake zubawa da ɗan cokali, tukunyar ta jan ƙarfe ce da aka liƙe da dalmar azurfa. Matsin tururin yakan kai ninki uku na iskar da ke tayar mota, ruwan ciki ya wuce digiri 160 da zafi. In liƙin ya yi ha'inci, mai tuƙin yana zaune ne dab da ita, yara na bayansa.

17/ Shi ya sa a ƙungiyoyinsu ba a barin sabuwar tukunya ta ɗauki mutane sai masu dubawa sun cika ta da ruwan sanyi sun matsa ta ninki biyu na abin da za ta yi aiki da shi. Da ruwa ake yi don ruwa ba ya matsuwa, in ta gaza tsiyaya za ta yi, ba fashewa ba. Sannan a ba ka takarda. Wannan ne kuke kira wasan 'yartsana? Haba jama'a.

18/ Al'adar ma ba ta jiya ba ce. Mujallar Model Engineer tun 1898 aka fara buga ta a Ingila, don masu irin wannan ƙira a gida. Ƙasar da ta fara jirgin ƙasa ba ta taɓa ganin kunya ba ne babba ya zauna yana feƙe ɗan ƙaramin fistin.

19/ Yanzu maganar masu cewa ƙoshi ne. Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai gaskiya a ciki. Mutumin da ke da fansho, da wutar da ba ta ɗaukewa, da gareji, ba ɗaya yake da wanda ke lissafin kuɗin garin kwaki ba. Babban jirgin nan yana cin kuɗi da shekaru. Na yarda.

20/ Amma wa ke faɗar maganar? Wanda ya kwana a gidan kallon ƙwallo yana zagin wani a kan Arsenal. Wanda datarsa ta sati ke ƙarewa a TikTok cikin kwana biyu. Ni ma ina ciki, ban cire kaina ba. Lokacin banza muna da shi, har ya yi yawa. Shi dattijon nasa lokacin banzan ya zama abin da yara ke hawa, namu ya zama batir kashi 4.

21/ Mai maganar marayu kuma, 'yar'uwa, Allah Ya ba ki ladan niyya. Sai dai ban taɓa ganin an tuna da marayu a ƙarƙashin bidiyon kamu da dina da ake liƙi har ƙasa ta rufe ba. Sai an ga mutum da zarto a hannu tausayin marayu ke tashi.

22/ Akwai waɗanda suka kawo maganar fuska, wai ƙera sura ne. Wannan ita ce kaɗai ƙorafin da na ɗauka da nauyi, kuma ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa a zare ba. Ku tambayi malamai. Abin da na sani shi ne fuskar faifai ɗaya ce da ake mannawa a gaba. Cire ta, ka sa ƙofar ƙarfe mai zagaye da jiragen gaske ke da ita a wurin. Sauran aikin duka yana nan, ba abin da ya ragu.

23/ Kuma kada ku zaci ina kare Thomas ɗin ne kamar ɗan gidanmu. Labaran akwai abin da ba na so. A littafin farko ma, wani jirgi Henry ya ƙi fita daga ramin dutse don kada ruwan sama ya ɓata masa fenti, sai maigidan jiragen ya sa aka gine shi da bulo a ciki. Labarin yara fa. Duk darasin shi ne yi biyayya, yi amfani, kada ka tambaya. Ƙamshin mulkin da kakanninmu suka sha yana jikinsa.

24/ To me ya sa manya ke zaɓar jirgi mai fuska maimakon su ƙera na tarihi? Ku koma bidiyon ku kalli yaran. Baƙin jirgi mara fuska, yaro zai kalla ya wuce. Shuɗin nan mai lamba 1 kuwa sai ya tsaya, ya tsuguna, ya leƙa ƙasa, ya tambayi me ke juya tayar. Dattijon ya san abin da yake yi, tarko ya ɗana.

25/ Ga abin da ya sa na kasa barci. Ƙanena, lokacin yana aji huɗu a firamare, babu wanda ya kai shi motar kara a layinmu. Karan dawa, tsinken tsintsiya, tayar tsohon silifas. Ya yi tirela mai tayoyi goma wadda kanta ke lanƙwasa in ya ja. Ba wanda ya nuna masa. A bakin titi ya tsaya ya kalli ta gaske ya dawo ya yi.

26/ Wata rana wani babba a gidanmu ya dawo ya same shi a zaure da kara a baje. Ya sa ƙafa ya taka motar, ya ce wasan banza, sa'anninsa na can suna karatu. Ina tsaye. Ban ce komai ba, har na ɗan yi dariya don kada a ce na goya masa baya. Yaron ya kwashe karan ya kai murhu da kansa.

27/ Bai sake yi ba. Yanzu yana sakandare, yana haddace ma'anar "injin mai sauƙi" daga littafi don jarrabawa, yana cin maki. Kwanaki na ce ya zo ya taya ni wani aiki, ya ce shi ya girma da wannan. Da na ga kwament ɗinku jiya, ƙafar nan na sake gani. Da dariyata.

28/ Sannan mu ne za mu zo nan mu yi ta yaɗa hoton Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, muna "Arewa muna da kai". Kun san har yau manyan kamfanonin mota sai sun sassaƙa mota da yumɓu kafin su ƙera ta? Aikin da ake biyan mutane a can, shi muke takewa a zaure.

29/ Ɗan ajinmu, kai ma shaida ne. Mun yi kwas guda a kan injin sassaƙa ƙarfe, muka zana shi, muka sa wa kowane sashe suna, ba mu taɓa ganin ya kunnu ba. Kuma ka san yadda wasu ke yin aikin kammala karatu: a kai wa maƙeri a kasuwa zane da kuɗi, a dawo a goge, a sa kwat a tsaya a gabansa a yi bayani. Shi maƙerin ko sunansa ba ya shiga godiya.

30/ Hannu kam muna da shi. Duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya ga abin da mutane ke fitarwa daga tarkacen ƙarfe. Matsalar, mun raba duniya biyu: mai digiri da ba ya taɓa guduma, da mai guduma da ba ma gaishe shi da daraja. A ƙungiyoyin masu ƙananan jiragen nan likita da direba suna layi ɗaya a gaban wanda ya fi su iya liƙi.

31/ Wani abu kuma. A Wales akwai ɗan siririn layin dogo, Talyllyn, da ya kusa mutuwa. A 1951 'yan sa-kai suka karɓe shi, shi ne na farko a duniya da aka ceta ta haka. Awdry da kansa ya je ya yi musu aikin gadi a jirgi, har wata rana ya sa jirgi ya tashi ya bar mai sayar da shayi a tasha, abin ya shiga littafinsa. Layin yana aiki har yau.

32/ Mu ma mun yi siririn layi. Daga Zariya zuwa Jos har Bukuru, faɗinsa milimita 762, an gina shi don kwaso kuza, aka rufe shi a 1957. Ku ɗaga hannu, mutum nawa a nan suka taɓa jin labarinsa? Su jirginsu da aka yanka tun 1963 yara sun san kamanninsa saboda wasu sun ƙi daina "wasa". Namu ko hotonsa ba ma nema.

33/ E, na sani, Turawan mulki ba don son mu suka shimfiɗa dogon ba, gyaɗa da auduga da kuza suke so su kai teku. Amma kakanninmu ne suka haƙa, suka ɗauki ƙasa a ka, wasu da aikin tilas. Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da ita a jirgin nan ta tafi. Mai son ya ƙera ƙaramin wannan jirgin yana da hujjar da ta fi ta dattijon Ingila.

34/ To ni na fara, don kada a ce surutu kawai na iya. Tsohon layin Legas zuwa Kano faɗinsa milimita 1,067. Raba da 24, ka sami 44 da ɗoriya, kusan 45 ɗin nan dai. Wato in na ƙera komai a kashi ɗaya cikin 24, zai hau irin dogon da Thomas ya hau. Jikin da farantin roba da gwangwanin madara nake yi, injin kuma na ciro daga tsohuwar firinta.

35/ Gaskiyar magana, a yanzu muni gare shi. Fentin ya yi kumfa, rufin ya karkace, 'yan ɗakinmu suna kiransa Marigayi. Tayoyin na yanka su da hannu sau uku, sau uku suna cijewa a wurin digiri 90 ɗin da na gama yi muku lakca a kai. Wata biyu ke nan, tafiyar da ya yi a duniya ba ta kai taku ɗaya ba.

36/ Abin da nake nema: wanda ya san mai injin sassaƙa ƙarfe a Kaduna ko Zariya da zai yarda ya fere min tayoyi shida masu girma ɗaya, kuma ya bar ni in tsaya in kalla, ya yi min magana ta ciki. Zan biya. Idan kuma akwai wanda kakansa ya yi aikin reluwe yana da tsofaffin hotunan kan jirgi, ko na gefe ɗaya ne, don Allah a ɗauka a turo min.

37/ Hutun nan zan tafi da Marigayi gida in ajiye shi a zaure, daidai wurin da aka taka waccan motar. Ba zan ce wa ƙanena komai ba. Shi ya fi ni ido a kan taya, in ya ga yadda na yi su na san ba zai iya haƙuri ba.

38/ Ɗan ajinmu, na ga ka goge kwament ɗinka. Ba komai, na riga na ɗauki hotonsa 😂 Gobe bayan lakcar ƙarfe goma ka zo ɗakinmu da abin awonka, ka nuna min inda na yi kuskure a gatari na biyu.